Amanar da Ke Wuyan Mai Rubuta Manhaja

A watan Satumba na 2021 gwamnatin Jihar Katsina, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, cikinsu har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Dalilin da aka bayar shi ne 'yan bindiga na amfani da waya wajen tuntuɓar masu kai musu labari daga cikin gari, da kuma cinikin kuɗin fansa. Wata tara kafin nan, a daren 11 ga Disamba 2020, aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati da ke Ƙanƙara, raunin da har yau bai gama warkewa a zukatan iyaye ba. Da aka katse layukan, jama'a sun yi watanni suna doguwar tafiya don kawai su kira ɗan'uwa ko su karɓi saƙon kuɗi. Ana iya saɓani kan ko matakin ya biya buƙata, amma ya tabbatar da abin da mutanen yankin suka daɗe da sani, cewa a ƙasarsu labari makami ne. Wanda ya san wane ne ya sayar da masararsa a kasuwar Sheme, wane ne ɗansa ya turo masa kuɗi daga Legas, wane gida ne aka yi cinikin shanu jiya, to ya riƙe abin da zai iya sa a ɗauke mutum cikin dare. Shi ya sa ƙiyayyar da ake yi wa infoma ba ta gaza wadda ake yi wa mai riƙe da bindiga ba.

To amma wannan labarin da infoma yake tarawa ɗaya bayan ɗaya, yana laɓe-laɓe a bakin kasuwa, yanzu yana jibge a cikin kwamfutoci. Tun 2014 aka fara ba masu asusun banki lambar BVN. A Disamba 2020 aka ba da umarnin haɗa kowane layin waya da lambar NIN. Ƙarancin takardun kuɗi da aka shiga a farkon 2023 ya tura hatta mutanen ƙauye zuwa ga masu POS da asusun waya. Ga rajistar manoma don taki da bashi, ga sunayen waɗanda suka gudo daga ƙauyukansu ana rubutawa don rabon tallafi, ga bayanan asibiti da na makaranta. Suna, lambar waya, unguwa, girman gona, yawan iyali, kuɗin da ya shiga da ranar da ya shiga, duk suna zaune a cikin manhajojin da wasu mutane suka rubuta da hannunsu. Tambayar da ta kamata musulmi ya yi ita ce: idan wanda ya rubuta manhajar ya bar ta a buɗe saboda sakaci, har aka kwashe bayanan bayin Allah, shin akwai alhaki a wuyansa, ko kuwa duk laifin na ɓarawo ne? Abin da nake gani shi ne akwai alhaki, mai nauyi kuwa, kuma fikihun da muke karantawa a zaurukanmu ya riga ya shimfiɗa hujjar tun kafin a san kwamfuta.

Asalin hukunci a kan ajiya shi ne wanda aka ba ta amintacce ne. In ta salwanta a hannunsa ba tare da laifinsa ba, ba ya biya. Sai in ya yi ta'addanci, wato ya yi amfani da ita ta hanyar da ba a ba shi izini ba, ko ya yi sakaci, wato bai adana ta a inda ake adana irinta ba. Amma malaman Malikiyya sun fitar da masu sana'a daga wannan sauƙin. Wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya wuce wurin: tela ko marini ko maƙeri da ya kafa kansa yana yi wa jama'a aiki, ya karɓi kayan mutum ya tafi da su inda mai kayan ba ya gani, to lamuninsu yana kansa in sun ɓace ko sun lalace, sai fa in hujja ta tabbatar ba da laifinsa ba ne. Imam Shaɗibi, a littafinsa Al-I'itisam, ya kawo wannan hukunci a matsayin misalin abin da aka gina kan maslahar jama'a, ya kuma bayyana dalilinsa. Mutane ba su da makawa sai sun kai kayansu wurin masu sana'a, su kuma suna aiki ne a bayan idon masu kaya, kuma sakaci ya yi yawa a cikinsu. Da za a riƙa gaskata kowannensu da ya ce kaya sun ɓace, da ɗayan biyu ya faru, ko mutane su daina kai aiki rayuwa ta tsaya, ko dukiyarsu ta riƙa salwanta ba mai tambaya.

Waɗannan dalilan sun hau kan mai rubuta manhaja fiye da yadda suka hau kan tela. Maganar rashin makawa, manomin Sabuwa yana iya ƙin kai yadinsa wurin telan da bai yarda da shi ba, amma ba zai iya ƙin ba da lambar NIN ɗinsa ba in yana son layinsa ya ci gaba da aiki, haka matar da aka kora daga ƙauyensu ba za ta iya ƙin faɗar sunanta da adadin 'ya'yanta ba in tana son buhun shinkafa. Maganar aiki a bayan ido kuwa ta fi tsanani. Mai yadi in ya karɓi rigarsa yana juya ta, ya duba ɗinki, ya gane an ci masa ƙyalle ko ba a ci ba. Wanda aka ɗauki bayanansa ba ya ganin rubutun manhajar, ko an nuna masa ba zai iya karantawa ba, hasali ma bai san sunan wanda ya rubuta ta ba. Shi ma shugaban ma'aikatar da ya ba da kwangilar galibi abin da yake iya dubawa shi ne fuskar manhajar, ko ta buɗe, ko launinta ya yi kyau, ko suna yana fitowa in an nema. Tsaro ba ya bayyana a fuska. Manhaja mai ƙofa a kulle da mai ƙofa a hangame kamanninsu ɗaya ne har ranar da ɓarna za ta auku. Duk inda jahilcin mai kaya ya kai haka, amanar mai sana'a tana ƙara nauyi, domin babu mai tsaron aikinsa sai iliminsa da tsoron Allahnsa.

Sai a ce, da me za a auna sakaci a sana'ar da ba a ambace ta a littattafan magabata ba? Da abin da ake auna shi a kowace sana'a, wato al'adar masu ita. Kuma masu wannan sana'a sun daɗe da sanin manyan ƙofofin da ɓarayi ke bi. Akwai wadda aka bayyana tun 1998: manhaja ta ba mutum gurbin rubuta sunansa, shi kuma sai ya rubuta umarni a madadin suna, manhajar ta ɗauki rubutun nasa yadda yake ta miƙa wa rumbun bayanai, rumbun ya bi umarnin ya zazzago duk abin da ke cikinsa. Maganin wannan sananne ne, a raba umarni daban, abin da baƙo ya rubuta daban, kuma kusan kowane yaren rubuta manhaja ya tanadi hanyar yin haka kyauta. Akwai ta biyu, wadda ƙungiyar OWASP mai bibiyar irin waɗannan raunuka ta sa a sahun farko a jerinta na 2021: manhaja ta tantance mutum a bakin ƙofa, amma bayan ya shiga ba ta sake tambayar ko takardar da ya nema tasa ce. Sai ya canza lamba ɗaya a adireshin shafi, daga tasa zuwa ta gaba, ya ga bayanan maƙwabcinsa, ya sake canzawa ya ga na wani, har ya kwashe gari guda. Sannan ga ajiye kalmar sirrin mutane a rubuce ƙuru-ƙuru, alhali akwai hanyar dagula ta yadda ko an sace rumbun ba za a iya karanta ta ba. Ga barin makullin shiga rumbu a cikin rubutun manhajar da aka ɗora inda kowa zai gani. Ga ƙin ɗora gyaran da masu kayan aikin suka fitar bayan an gano ɓaraka. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da yake ɓoyayyen ilimi. Wanda ya karɓi kuɗi ya rubuta manhajar da za ta riƙe bayanan mutane, sannan ya bar ɗayansu, bai adana ajiya a inda ake adana irinta ba.

Kada a ɗauka wannan damuwar ƙasashen Turawa ce. A Maris 2024 kafar bincike ta FIJ ta ba da rahoton wani shafin intanet mai suna XpressVerify da ke ba duk mai biya damar ganin bayanan 'yan Najeriya da ke haɗe da NIN. A Yuni na wannan shekarar ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana wani shafin, AnyVerify, ta ce ana samun bayanan mutum a can a kan naira 100, har ta nuna ta sayi takardar NIN ta ministan sadarwa kansa. Hukumar NIMC mai ba da lambar NIN ta musanta cewa an fasa rumbunta. Ko da an karɓi wannan musun, tambayar tana nan, domin bayanan ta wata ƙofa suka fita, kuma wani ne ya gina ƙofar da ba ta tambayar mai shiga ko shi wane ne, ba ta ƙirga sau nawa ya shiga, ba ta ajiye tarihin abin da ya ɗauka. In takardar minista tana samuwa a kuɗin da bai kai na ƙullin gyaɗa ba, me ya rage wa mai gona a Faskari?

Babban abin da ake kawowa don kare mai manhaja shi ne wata ƙa'ida ta fikihu, cewa in wanda ya aikata ɓarna da hannunsa da wanda ya zama sanadi suka haɗu, hukunci kan wanda ya aikata yake komawa. Mai kutse shi ya shiga, shi ya kwasa, shi ya sayar, don me za a kama wanda aka yi wa sata? Ƙa'idar gaskiya ce, kuma ba wanda ya ce zunubin ɓarawo zai ragu da ƙwayar zarra. Sai dai ba ta shafe babin ajiya ba. Wanda aka ba ajiyar kuɗi ya bar su a soro ya tafi kasuwa, ɓarawo ya ɗauke, malamai ba su ce ya kuɓuta don akwai ɓarawo a tsakani ba. Ana bin ɓarawo da laifin sata, ana bin wanda aka ba ajiya da laifin tozarta ta, domin kariya daga ɓarawo ita ce ainihin aikin da aka ba shi. Da babu ɓarayi a duniya da ba a buƙaci kowa ya adana komai ba. Bahaushe ya riga ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma magini da aka biya don ya yi bango ba ya kare kansa da cewa halin ƙadangare ke nan.

Wasu kuma za su ce babu manhajar da ba a iya fasawa, manyan kamfanonin duniya ma ana fasa su, abin da Allah Ya ƙaddara sai ya faru. Rabin farko na maganar daidai ne, shi ya sa shari'a ba ta ɗora wa kowa tabbacin cewa ajiya ba za ta taɓa salwanta ba. Abin da ta ɗora masa shi ne ƙoƙarin da aka san masu sana'arsa da shi. Abubuwa biyu da suka faru sun nuna inda iyakar take. A Afrilu 2014 aka gano raunin da aka sa wa suna Heartbleed a cikin OpenSSL, kayan aikin da shafukan intanet masu ɗimbin yawa ke amfani da shi wajen sirranta saƙo. Mai rubutun ya manta da duba tsawon wani saƙo, mai duba aikinsa shi ma bai lura ba, abin ya zauna shekara biyu ba a sani ba. Da aka gano, aka fitar da gyara tare da sanarwa. Wannan kuskure ne na ɗan'adam da ya auku duk da an bi hanyar bita. Kamfanin Equifax na Amurka kuwa, a 2017, an sanar da raunin da ke cikin kayan aikinsa, aka fitar da gyara tun watan Maris, ba a ɗora gyaran a inda ya kamata ba, masu kutse suka shiga a watan Mayu suna kwasa har ƙarshen Yuli, bayanan mutum kusan miliyan 147 suka fita. Wannan sakaci ne da sunansa. Maganar ƙaddara kuwa, hadisin da Tirmizi ya ruwaito game da mutumin da aka umarta ya ɗaure raƙumarsa sannan ya dogara ga Allah ya isa amsa. Mutanen Ƙanƙara da suka yi imani da ƙaddara ba su daina kulle ƙofa da dare ba, ba su daina kwana suna sintiri ba. Ba daidai ba ne a ambaci ƙaddara a kan bayanansu kaɗai.

Akwai mai cewa bayani ba dukiya ba ne, in an kwafe shi na asali yana nan, mai shi bai rasa komai ba. Wannan ya manta cewa abin da shari'a ta zo ta kare ya wuce dukiya, ya haɗa da rai da mutunci. A Janairu 2022 ƙungiyar agaji ta ICRC ta sanar cewa an kutsa cikin kwamfutocinta an kai ga bayanan mutum sama da 515,000, waɗanda yaƙi da gudun hijira suka raba da danginsu, da waɗanda suka ɓace, da tsararru. An shiga ne ta wani rauni da aka riga aka fitar da gyaransa amma ba a kai ga ɗorawa ba. Ba kobo aka ɗauka ba, amma sai da ƙungiyar ta fito tana roƙon masu kutsen kada su yaɗa abin da suka samu, don ta san sunan mai gudun hijira da inda yake na iya zama sanadin mutuwarsa. Jerin waɗanda suka karɓi bashin noma a wata mazaɓa ta Faskari, da lambobin wayarsu da ranar da kuɗin ya shiga, irin wannan ne. Kuɗin da aka sace ana iya biya. Kalmar sirri ana iya canzawa. Amma mutum ba ya canza zanen yatsarsa ko ranar haihuwarsa ko sunan mahaifiyarsa, kuma abin da ya fita ya fita ke nan. Saboda babu hanyar mayarwa, wajibin kiyayewa tun farko ya fi na dukiya ƙarfi.

Hanzarin da ya fi cancantar a tsaya a saurara shi ne na matasan da ke wannan sana'a a nan gida. Yaro ya koyi rubuta manhaja da wayarsa da datar da ya saya da ƙyar, ya samu ɗan aiki daga hannun ɗan kwangila na uku, an ba shi mako biyu, kuɗin bai kai ya kawo ba, kuma in ya ce a ƙara lokaci don gwajin tsaro sai a ce ai tana aiki, a miƙa kawai. Ɗora masa dukkan alhaki zalunci ne. Wanda ya ba da aiki ya hana lokaci da kuɗin tsaro, da jami'in da ya sa hannu ya karɓa ba tare da wani masani ya duba ba, suna da kaso, sau da yawa ma nasu ya fi girma, don su ne mutane suka miƙa wa bayanansu. Amma wannan bai wanke yaron sarai ba. Abu Dawuda da Nasa'i sun ruwaito hadisin da ya ɗora lamuni a kan wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba. Wanda bai san yadda ake kare rumbun bayanai ba yana da hanyoyin halal a gabansa: ya koya, ilimin kuwa yana nan kyauta, ko ya nemo wanda ya sani ya duba masa, ko ya faɗa wa mai aikin a rubuce cewa ga abin da ya rage kuma ga haɗarinsa, ko ya bar aikin ga wanda ya iya. Hanyar da aka toshe masa ita ce ya yi shiru ya karɓi kuɗi, domin ɓoye aibin kaya algus ne, a buhun hatsi yake ko a rubutun manhaja. Sannan yawancin abubuwan da aka ambata a sama ba kuɗi suke ci ba, kula suke buƙata. Rubuta tambayar rumbu ta hanya mai aminci bai fi rubuta ta ta hanya mai haɗari tsawo ba.

Wani ɓangare na amanar ma yana zuwa tun kafin a rubuta layi ɗaya, shi ne kada a karɓi abin da ba a buƙata. A yankin da tsaro ya taɓarɓare akwai sha'awar a tara komai game da kowa, da sunan gano miyagu. Ana fahimtar wannan sha'awar, kuma hukuma tana da haƙƙin sanin 'yan ƙasarta. Amma manhajar rabon taki ba ta buƙatar sanin yawan shanun mutum, ta makaranta ba ta buƙatar sanin abin da uban yaro yake samu a wata. Duk gurbin da aka ƙara a fom, an ƙara abin da za a iya sacewa ne, kuma Suratul Hujurati ta hana bin diddigin asirin mutane ba tare da dalili ba. Haka kuma ba kowane ma'aikaci ne ya kamata ya iya ganin komai ba. Mai shigar da sunaye a Sabuwa ba shi da hurumin buɗe jerin Ƙanƙara, kuma ya kamata manhajar ta riƙa rubuta wanda ya duba me da lokacin da ya duba, domin infoma ba lalle ne ya zo daga waje ba.

Doka ta fara kama hanya. Dokar kare bayanai da aka sa wa hannu a Yuni 2023 ta kafa hukumar NDPC, ta wajabta sanar da ita cikin awa 72 in an samu ɓarakar da ke iya cutar da mutane, ta kuma tanadi tara. Sai dai hannun hukuma daga Abuja ba zai kai ga kowace ƙaramar manhaja da aka rubuta wa ƙungiyar manoma ko asibitin karkara ba. A da kowace sana'a a ƙasar Hausa tana da mai tsawatarwa, Sarkin Maƙera da Sarkin Fawa da Sarkin Aska, wanda ya ɓata aiki ya san inda za a kai shi. Wannan sana'ar ta taso ba ta da irin wannan a garuruwanmu, don haka nauyin ya koma kan masu koyarwa da masu wa'azi. Sassan kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Kwalejin Hassan Usman Katsina su daina karɓar aikin ɗalibi don kawai ya buɗe ya yi aiki, su gwada fasa shi a gabansa kafin su ba shi maki. Malamanmu na fikihu su zauna da masanan sana'ar, su fitar da bayani ƙarara kan lamunin mai rubuta manhaja da na mai riƙe bayanan jama'a, kamar yadda magabata suka yi wa tela da marini, su kuma faɗe shi a kan mumbari. Kai kuma da aka ba aikin rubuta manhajar da za ta ɗauki sunayen mutanen Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, kada ka miƙa ta sai ka duba kowace ƙofa da kanka, ka sa wani ya sake dubawa, ka kuma faɗa wa mai aikin gaskiyar abin da ya rage.